Lainas Polin: Ɗan Mai Kemis Da Ya Gano Inda Sikila Take Ɓuya

A wannan fitowa za mu kawo tarihin wani Bature mutumin Amurka, wanda bai taɓa taka ƙasar Bauchi ba, amma aikinsa ya shiga gidajenmu ba sallama. Duk wanda ya aurar da 'ya ko ya yi wa ɗa aure a 'yan shekarun nan ya san takardar nan ta gwajin jini mai ɗauke da baƙaƙe biyu, ko AA, ko AS, ko SS. To asalin wannan takarda wajen mutumin nan yake, wato Lainas Polin, wanda Turawa ke rubuta sunansa Linus Pauling, shi da wani ɗalibinsa.

Akwai kuma dalili na biyu. Mu da muke kasuwanci a Gwallameji rabin cinikinmu da ɗalibai ne, tun da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, a nan take, ga kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Yalwa ba nisa. Mu ke ba su hayar ɗaki, mu ke auna musu gari da shinkafa, mu ke bin su bashi. Amma ran da ɗan cikinmu ya gama digiri ya ce zai koma ya yi na biyu, daga nan ya yi na uku da ake kira digirin digirgir, sai ka ji uba ya ce karatun ya isa haka, a zo a kama shago. Idan ma likita ne ya ce zai koma ɗakin bincike ya karanci ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, ai sai a ce ya sami matsala, ya bar allura da kuɗi ya koma wanke kwalabe. Tarihin Polin tarihin irin wannan karatu ne.

An haife shi ran 28 ga Fabrairu 1901 a garin Potland, jihar Oregon, can yammacin Amurka. Mahaifinsa Herman mai kemis ne, yana haɗa magani yana sayarwa, ba wani mai hali ba. Da ya ga yaron ya cinye littattafan gidan kaf tun yana shekara 9, sai ya rubuta wa jaridar garin wasiƙa yana neman a ba shi shawarar abin da zai ƙara saya masa. Ba a yi wata biyu ba uban ya mutu, a 1910. Uwar, Belle, ta rage da yara uku, ga ta kuma da ciwon ƙarancin jini. Sai ta buɗe gidan haya tana ba baƙi ɗaki da abinci, irin dai yadda wasu zawarawa ke yi a unguwar nan tamu.

Yana ɗan shekara 13 wani abokinsa ya nuna masa yadda ake haɗa sukari da wasu sinadarai wuta ta tashi. Shi ke nan, yaro ya kamu. Kakansa yana gadin wata tsohuwar masana'antar ƙarfe da ta mutu, sai ya riƙa zuwa yana kwaso ragowar sinadarai da kwalabe yana tarawa a ƙarƙashin gidan uwarsa. Sakandare ma bai fita da takarda ba, don an ce saura darasi biyu na tarihin Amurka bai yi ba, shugaban makarantar kuma ya ƙi yi masa sassauci. Sai a 1962, bayan shekara 45, makarantar ta aika masa da takardar, lokacin duniya duk ta san shi.

Da ya bar sakandare ya sami aiki a wata maƙera ta injuna, albashi na shigowa. Uwar ta so ya zauna a nan. Ba za mu ga laifinta ba, mace ce mai ciwo da marayu, abin da ke hannu take gani. Shi kuwa ya kafe, a 1917 ya tafi Kwalejin Aikin Gona ta Oregon a garin Kobalis. Ya yi faskare, ya yanka nama a kicin, ya goge daɓe, idan an yi hutu ya bi masu zuba kwalta yana duba ingancinta. A 1919 kuɗin da ya tara ya tafi a hidimar gida, karatu ya tsaya. Allah ya taimake shi kwalejin ta kira shi, yana ɗan shekara 18, ta ba shi koyar da darasin da bai daɗe da gamawa ba, a kan dala 100 a wata. A wani ajin da ya koyar daga baya ya haɗu da Ava Helen Miller, suka yi aure a 1923, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Ya gama digirin farko a 1922. A nan ne da yawa cikinmu za mu ce to madalla, sai neman abinci. Shi sai ya wuce Kaltek, wata cibiyar kimiyya a Pasadena ta jihar Kalifoniya, ya koma ɗalibi. Abin da ya karanta kuwa, in an faɗa wa ɗan kasuwa sai ya yi dariya: yana haska ƙananan duwatsu da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, yana lissafin yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a ciki. Ya sami digirin digirgir a 1925. Bai tsaya ba, a 1926 ya tafi Turai, ya zauna a Munik ta Jamus wajen wani babban malami Arnold Sommerfeld, ya leƙa Kofanhagan da Zurik. Uwarsa ta mutu yana can. Ya dawo Kaltek a 1927, ya zama cikakken farfesa a 1931 yana da shekara 30. A 1939 ya fitar da littafinsa kan yadda ƙwayoyin zarra ke riƙe juna su zama sinadari, littafin da masu wannan fanni suka daɗe suna sha daga gare shi.

Duk wannan ba ruwansa da asibiti. Abin da ya karkato da shi wajen jini, a gaskiya, har da kuɗi. A shekarun 1930 gidauniyar Rockefeller ta nuna ta fi son ba da tallafi ga masu binciken abubuwan da ke cikin jikin mai rai, shi kuma ya bi inda kasuwa take. A 1936 shi da Charles Coryell suka auna himogulobin da maganaɗisu. Himogulobin shi ne jan abin nan da ke cike cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Suka gano cewa halinsa na sauyawa idan yana ɗauke da iskar da kuma idan ya sauke ta. A lokacin ba wanda ya san amfanin sanin haka.

Sai mu dakata mu dubi ita cutar. Mu muna ce mata amosanin jini, ko sikila. Kalmar sikila daga sunan lauje take a Turanci, domin a 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da bayanin jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada, inda aka ga jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama zagayayyu kamar ƙosai. Ƙwayar lafiyayye takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa kullum jini ba ya isa, ido ya yi ɗorawa. Masu siffar laujen kuma sukan cushe a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, sai ciwon ƙashin nan ya taso wanda ke sa yaro ihu tsakar dare, musamman da sanyin hunturu ko da damina. Kakanninmu sun san ciwon tun kafin Herrick. Abin da ba a sani ba shi ne dalili, sai aka ɗora wa iska, aka ɗora wa maita, aka ɗora wa kishiya. Ba mamaki wasu daga cikin matan da aka yi ta kira masu wabi, suna haihuwa suna binnewa, wannan ciwo ne ya bi gidajensu.

A 1945 Polin yana cikin wani kwamiti da gwamnatin Amurka ta kafa kan makomar binciken likitanci. A wata hira da Dakta William Castle na Jami'ar Habad, likitan ya ambata cewa ƙwayoyin masu sikila sun fi lanƙwashewa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, in ta dawo kuma su miƙe. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Amma Polin, da yake ya yi shekaru yana juya himogulobin, nan take zuciyarsa ta ba shi cewa laifin ba na fatar ƙwayar ba ne, na abin da ke cikinta ne: watakila himogulobin ɗin masu ciwon daban yake, idan ya sauke iska sai ya manne wa juna ya yi sanduna, sandunan su tanƙware ƙwayar.

Zato ke nan, kuma zato ba ya warkar da kowa. Wanda ya ɗauki wahalar tabbatarwa shi ne Harvey Itano, kuma ya kamata a san shi. Iyayensa 'yan Jafan ne da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya, a can aka haife shi a 1920. A 1942 shi ya zo na ɗaya a duk ɗaliban da suka gama Jami'ar Kalifoniya ta Bakli, amma ranar bikin ba ya nan, yana tsare a sansani, domin bayan Jafan ta kai hari Amurka ta kwashe mutum wajen 120,000 masu jinin Jafan ta killace, har da waɗanda aka haifa a ƙasar. Duk wanda ya zauna a garin da ba na kakanninsa ba ya san yadda baƙo ke kwana ɗan gari ya tashi abin zargi. An sake shi ya tafi karatun likita a Sen Luwis, ya gama a 1945. Ga shi likita, zai iya buɗe asibiti ya huta. Sai ya zo wajen Polin a 1946 ya sake zama ɗalibi. Shi ma Polin ya ɗanɗana wannan ƙiyayya, don a 1945 an yi masa rubutun zagi a ƙofar garejinsa saboda ya ɗauki wani saurayi mai jinin Jafan aikin lambu.

Itano ya yi ta gwaji ba nasara, hanya ta farko ba bambanci, ta biyu ba bambanci. Daga baya aka haɗa shi da wasu matasa biyu, Jonathan Singer da Ibert Wells, suka koma ga wata na'ura da ke sakar wa ruwa lantarki, abin da ke cikin ruwan ya yi tafiya gwargwadon cajin da yake ɗauke da shi. A nan asiri ya tonu. A wani ruwan gwaji, himogulobin ɗin lafiyayye ya nufi gefe guda, na mai sikila ya nufi ɗaya gefen. Da aka sa na iyayen da ba sa ciwo amma 'ya'yansu na yi, sai ya rabu biyu, wani nan wani can. Ka ji AA da SS da AS. A Nuwamba 1949 suka buga sakamakon a mujallar Science, suka kira sikila cutar da asalinta ke cikin ƙwayar sinadari guda. Wannan ne karo na farko da aka kama wata cuta aka nuna ainihin furotin ɗin da ya lalace, kuma daga nan ake ƙirga farkon fannin likitancin ƙwayoyin asali, wanda yau ake zuwa digiri na biyu da na uku a kansa. Itano ya karɓi nasa digirin a 1950. Gwajin da ake yi mana a asibiti har yanzu jikan wancan ne.

A wannan shekara ta 1949 wani masani, James Neel, ya tabbatar da yadda ake gadon abin: sai an samo daga uwa an samo daga uba. A nan muna roƙon masu karatu su natsu, domin akwai kuskuren da ya yaɗu a gari. Idan AS ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai fito SS ba. Kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu, kamar a sa hannu a buhu a zaro a mayar. Ana iya haifar shida ba ko ɗaya, ana iya haifar uku a jere duk masu ciwo.

Wasu suka ɗora a kan aikin. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano girman ɓarnar, kuma abin mamaki ne. A ɗauka himogulobin carbi huɗu ne a ƙulle, biyu masu ƙwaya 141, biyu masu ƙwaya 146. A cikin mai 146 ɗin, ƙwaya ta shida kaɗai aka sauya da wata. Ita ke nan. Duk kwanan asibitin nan, da ƙarin jini, da gonar da aka sayar, daga ƙwaya ɗaya ne. A 1954 kuma Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna dalilin da ya sa abin ya yi yawa a ƙasashenmu: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tun yana yaro, don haka masu shi suka fi rayuwa suka yaɗu. An ga haka a ƙasar Hausa ma. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓi a Garki, wadda a da take jihar Kano, yanzu Jigawa, kuma Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya duba jinin mutanen. Aka sami kusan jariri biyu cikin 100 SS ne, amma da wuya a ga babba mai SS. Ba sai an faɗa maka inda suka tafi ba. A 2006 Hukumar ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da S.

Shi Polin bai zauna kan sikila ba. A 1951 ya bayyana yadda furotin ke murɗewa kamar igiya, tunanin da ya fara zo masa a 1948 a Okasfod yana kwance da mura yana nannaɗe takarda. A farkon 1953 ya yi gaggawar bayyana siffar DNA, wato zaren da gado ke rubuce a kansa, ya ce igiya uku ce, ashe biyu ce, Watson da Crick suka gyara a watan Afrilu. A 1954 aka ba shi kyautar Nobel ta ilmin sinadarai.

Tun bayan bam ɗin Hiroshima shi da matarsa suka sa makaman ƙare dangi a gaba, kuma sun sha wuya. A 1952 gwamnatinsa ta hana shi fasfo zuwa wani taro a Landan, ana zarginsa da kwaminisanci. A Janairu 1958 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke ta neman a daina gwajin bam a sarari, wadda masana fiye da 11,000 suka sa wa hannu. A 1960 wani kwamitin majalisar dattawa ya matsa masa ya faɗi sunayen waɗanda suka taya shi tara hannun, ya ƙi, ko da za a ɗaure shi. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a Fabrairu 1960 Faransa ta fara tayar da bam ɗinta a Reggane cikin Saharar Aljeriya, can inda iskar hunturu ke taso mana. Da ta yi na uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garin Bauchi, ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. Ran 10 ga Oktoba 1963, ranar da yarjejeniyar hana gwaji a sarari ta fara aiki, aka sanar da ba Polin Nobel ta zaman lafiya ta 1962. Har yau shi kaɗai ne ya karɓi Nobel biyu ba tare da an raba da kowa ba.

Sai dai ba za mu wanke shi tas ba. A 1968 ya rubuta shawarar cewa a yi wa duk matashin da ke ɗauke da S zane a goshi, wai don masu irin jinin su gane juna tun kafin so ya shiga. Kai, wannan magana ba ta yi ba. Mai AS ba majinyaci ba ne, yana noma yana dako yana haihuwa lafiya, in ya auri AA ba ɗansa da zai fito SS. A Amurka, inda yawancin masu S baƙaƙen fata ne, an riƙa hana wasu aiki da inshora a shekarun 1970 saboda sakamakon gwaji kawai. Mu ma nan akwai mai irin wannan tunani ko da ba allurar zane a hannunsa: a ji yarinya AS ce sai magana ta zaga unguwa, manema su janye, alhali saurayi AA ba abin da zai hana shi. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma gwajin alheri ne. A ganinmu dai a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, sakamakon kuma ya tsaya tsakanin gida biyu.

Ƙarshen rayuwarsa ya tafi a kan bitamin C. Tun a 1941 ciwon ƙoda ya kusa kashe shi, wani likita Thomas Addis ya riƙe shi da abinci marar gishiri da ƙarancin nama har ya warke, watakila daga nan ya yarda da maganin abinci fiye da kima. A 1970 ya fitar da littafi yana cewa shan bitamin C da yawa na hana mura, daga baya ya ce har ciwon daji yana taimaka wa. Jama'a suka yi ta saye, masu kemis suka yi ciniki. Asibitin Mayo ya gwada a kan masu ciwon daji sau biyu, a 1979 da 1985, ba a ga amfani ba. Tsohon bai sauka daga ra'ayinsa ba. A sikila ya ba ɗalibi zatonsa ya jira shekara uku a auna, a nan kuwa girman suna ya sa ya riga awo.

Maganin sikilar ma bai zo da sauri yadda ya yi fata ba. Sai a 1998 Amurka ta amince da ƙwayar haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon, ana samunta a ƙasar nan, sai dai da umarnin likita da gwajin jini a kai a kai. Dashen ɓargo na warkarwa, ga wanda ya sami ɗan'uwa mai dacewa da kuɗi masu yawa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a gyara rubutun gadonsu a mayar masa, shekara 74 bayan takardar su Itano. Farashin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ciwon a nan ya fi yawa, maganin kuma a can aka yi shi da kuɗin can, kuma ba mu ga mai sauko da shi ba in ba yaran da za su zauna ɗakin bincike a Bauchi da Kano da Zariya ba, irin waɗanda muke ce wa karatun ya isa haka.

Matarsa Ava Helen ta mutu a Disamba 1981 da ciwon daji na ciki, bayan aure na shekara 58. Shi kuma ya ci gaba da rubutu da lissafi a gonarsa ta Big Sur a bakin teku, har ciwon daji na furostet, wanda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, ya ci ƙarfinsa. Ya mutu ran 19 ga Agusta 1994 yana da shekara 93. Takardunsa da lambobinsa biyu na Nobel suna ajiye a Kobalis, a makarantar da ya yi faskare da gugar daɓe, wadda yanzu ake kira Jami'ar Jihar Oregon.